Telana Ɗan Mali da Maganar Baƙi

Telan da ke mini ɗinki a kasuwar Utako ɗan Mali ne. Tun ina sabuwar ma'aikaciya nake kai masa atamfa, har na yi aure na haihu bai taɓa ɓata mini yadi ba. Hausarsa irin ta Abuja ce, mace da namiji duk "ya" yake ce musu.

A lokacin da nake ba da labari, satar mutane ta yi yawa a wajen Kuje, kuma a ofishinmu kusan kowa ya yarda cewa baƙi ne ke shigowa daga ƙetare suna ɓarna. Ni ma nakan gyaɗa kai in an faɗa. Wadda ta fi kowa zafi ita ce Hajiya, shugabar sashenmu, mace mai kirki amma mai kaifin baki.

Wata Asabar muka je shagon tare, za a auna mu ankon bikin wata 'yar ofis. Rediyo na kunne, ana ta bugo waya kan ko ya kamata gwamnati ta tsaurara shigowar baƙi. Hajiya ba ta ko zauna ba ta ɗauka.

"A rufe iyakar nan kowa ya huta. Duk wanda ba ɗan ƙasa ba ya koma gidansu."

Na mintsine ta a hannu, ina nuna mata telan da ido. Kunya ta kama ni kamar ni na faɗa. Shi kuwa sai ya cire allura daga bakinsa ya ce, "Wallahi Hajiya ya faɗi gaskiya. A rufe."

Na ɗauka gatse yake yi. Na dube shi, babu alamar wasa a fuskarsa. Ya ce shi da takardunsa ya shigo, ya kama shago, kowa a layin ya san shi. Amma yanzu wasu na zuwa ba wanda ya san daga ina, kuma in aka yi laifi shi ake tsayarwa a hanya saboda an ji harshensa.

Wata Ibo da ke jiran kayanta ta sa baki da Hausarta. Ta ce ita kam kada a kori kowa, domin ɗanta na Turai ana neman koro shi, ta san yadda abin yake ci a rai. Hajiya ta ce ita ma ɗanta na can, an hana matarsa biza, kuma zalunci ne tsantsa.

Na ce, "To Hajiya, ba shi ne abin da kike so a yi a nan ba?"

"Wannan daban. Shi da karatunsa ya je."

Da ya zo auna ni, telan ya rage murya. Ya ce, "Madam, kai da kake ma'aikata, ko ka san wani? Ina so mamana ya zo a yi masa aikin ido, ya zauna wurina."

Na ce, "Ba yanzu ka ce a rufe ba?"

Ya dube ni da mamaki, kamar ni ce ban gane ba. "Ai uwata ne."

Na koma gida kaina a ɗaure. Na ba maigidana labari muna cin tuwo, ina zaton shi zai warware mini, tunda ɗan bakin iyaka ne, kawunnansa rabi suna can Nijar, gonarsu ma wani gefenta ya ƙetare iyakar. Ya ce lalle a tsaurara, domin waɗanda suka kwashe shanun ƙauyensu ta iyaka suka shigo. Na tambaye shi 'yan wane ɓangare ne. Ya ce an ce akwai na can akwai na nan. Na ce to in an tsaurara, innarsa da ke zuwa mana daga can kowane azumi fa? Ya ce in miƙo masa ruwa.

Ban samu wanda zan yi wa maganar telan ba, kuma ba a ma buƙace ni ba. Tsohuwar tasa ta iso a mota ita da wata jikarta, aka yi aikin, ido ɗaya ya buɗe. Da Hajiya ta ji, ita ta matsa sai mun je dubiya. Ta dafa farfesun kaza da kanta, ta sa ni na tuƙa mu har ɗakin da yake haya a bayan gari.

Tsohuwar ba ta jin Hausa ko kaɗan. Suka zauna a tabarma ita da Hajiya, suna riƙe da hannun juna, wannan ta yi addu'a waccan ta ce amin. Da za mu tafi Hajiya ta cire mayafinta mai kyau ta yafa mata.

A mota, ba mu ko hau kwalta ba ta ci gaba daga inda ta tsaya, wai gwamnati ta yi sake da yawa, kowa sai ya shigo yadda ya ga dama.

Na ce, "Hajiya, ita wannan da muka baro fa?"

"Wa? Haba ke kuwa, wannan ai tsohuwa ce."

Ni ma dai ban san abin da nake so a yi ba. Ina cikin wannan tunani na wuce kwanar da za mu shiga, sai da muka yi dogon zagaye, Hajiya tana ta yi mini faɗan rashin lura da hanya.