Gide Baduku da Sojan Dalma

A Mairuwa, in aka ce Gide baduku ba a ƙara tambaya. Siririn mutum ne marar yawan magana, ya gaji sana'ar wurin kawunsa. Abin da ya fi sauran dukawa da shi hannu ne: yakan ja baƙin layi a kan jar fata, siriri kamar gashi, bai karkace ba. Sai dai Allah ya yi shi da tsoro. Ko kare ya yi haushi bayan danga sai ya ajiye aiki ya kasa kunne.

A kakar auduga ta 1954, wata ranar kasuwa da hantsi, masinja ya tsaya bakin rumfarsa ya ce Baturen auduga na kiransa a bariki. Duk hanya Gide yana laluben laifin da ya yi, bai samo ba.

Ya tarar da Baturen gaban tebur, an jera wasu 'yan sojoji na dalma, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba, sahu na fuskantar sahu. Tafinta ya ce wasan yaƙi ne da Bature ke yi da abokinsa, kamar dara. Baturen ya ga matashin fata da Gide ya yi wa zane, shi ya sa yake so ya shafa wa ɗaya fenti, ya fito da shi sojan ƙasar nan, da jar hular dara da kaki. Aka miƙo masa sojan da 'yan gwangwanayen fenti. Gide ya karɓa da hannu biyu, don bai san yadda ake ce wa Bature a'a ba.

A ransa kuwa bai yarda wasa ba ne. Wane babban mutum ne zai jera gumaka ya zauna yana kallo? Ya cusa abin cikin hula ya kai gida. Matarsa Hajaratu, da tsohon ciki, tana ganin sojan ta kau da kai ta ce kada abin ya kwana ɗakinta. Sai ya rataye shi a rumbu, ya nufi wurin Malam Maharazu, limamin unguwarsu.

Malam ya ji bayani, sannan ya tuna masa cewa mai yin surar abu mai rai za a ce ya busa mata rai ranar gobe.

"To Malam, mi zan yi? Hukuma ce."

"Yi mashi tufa, ka bar idanu. Abin da ba ido bai cika sura ba."

Haka ya yi. Ya ɗaure 'yan gashin wutsiyar akuya a tsinke, ya zauna inuwar rumbu. A tsorace yake, amma hannun bai san da wannan ba. Ya fitar da maɓallan riga ɗaya bayan ɗaya, ya sa duhu a lanƙwasar wando, ya yi wa jar darar tuntu. Fatar fuska sai da ya gauraya kala ya sake gaurayawa kafin ta yi irin ta mutanen Faskari. Wani lokaci yakan farga rana ta karkata bai ci tuwo ba, sai tsoro ya sake kama shi, don ya gane daɗin aikin yake ji.

Da ya mayar, Bature ya ɗaga sojan ya juya shi a haske, ya daɗe yana kallo. Sai ya nuna fuskar da farce. Tafinta ya ce saura idanu, kuma nan take ake so.

Gide ya duba ƙofa, masinja na tsaye. Ya tsoma tsinke, ya riƙe numfashi, ya ɗiga ɗigo biyu. Nan da nan abin ya dube shi. Ba wani Gide ya gani a fuskar ba sai Audi, ƙanensa da aka ɗauka soja zuwa yaƙin Bama, wanda har ranar ba a ji ɗuriyarsa ba. Yana jin Bature na dariyar jin daɗi, tafinta na cewa akwai sauran cike da akwati, duk shi zai yi.

Washegari da sassafe ya kai Hajaratu gidan iyayenta, shi kuma ya bi ayarin jakuna zuwa Sabuwa wurin wata gwaggonsa. Can ya ɓuya yana gyaran takalma, duk wanda ya gani da kaki sai ya shige zaure. Ko sunan ɗansa bai halarta ba, aike ya yi a sa wa yaron Audi. Sai da damina ta sauka, aka tabbatar masa an yi wa Baturen canji, sannan ya dawo.

Ashe ba wanda ya ko neme shi. Ya koma rumfarsa, ya tsufa a cikinta, matasan fatar da yake yi har Funtuwa ana sayensu. Amma tun daga nan ko ƙadangare bai ƙara zanawa a fata ba, sai dagi da layi. In kuma yara suka kawo masa ɗan bijimin laka su ce Baba ya shafa musu kala, yakan riƙe ya juya shi a tafin hannu na ɗan lokaci, sannan ya miƙa musu ya ce su tafi wurin maƙwabcinsa Rabo, shi idonsa ya yi rauni.