Ranar da Aka Auna Ni a Sikelin Gero

Ko mantuwa za ta share komai a kaina, ba za ta taɓa ranar da aka ɗora ni a sikelin 'yan hatsi ba.

Ni mai jiki ne, irin wanda direbobin Ƙaura ke tsokana wai sai ya biya kujera biyu. A shekarar, likita ya ce ciwon suga ya kama ni, in ban motsa jiki ba ƙafata na cikin haɗari. Ciwon nan ne ya ci ƙafar mahaifina kafin ya rasu, don haka na tsorata ƙwarai. Gwiwa ta hana ni doguwar tafiya, sai na ƙudurta sayen keke.

Na je wurin wani tsoho mai gyara da sayar da kekuna. Idona ya faɗa kan wani siririn keken tsere, tayarsa kamar ɗan yatsa. Tsohon ya tambayi nauyina, kunya ta sa na zaftare kusan kwata. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ba ni abin da na zaɓa.

Kwana uku keken ya yi mini. Ranar kasuwa, a bakin hanyar Shinkafi, na faɗa wani ɗan rami. Wayoyin tayar baya suka tsintsinke, taya ta lanƙwashe, na zube gaban masu lodin shanu. Har wani ya ce a kawo igiya a tayar da ni. Raina ya ɓaci sosai, amma da na tuna ƙafar mahaifina sai na saɓa keken na koma.

Tsohon bai yi dariya ba. Cewa ya yi, "Alhaji, ni ka yi ma ƙarya, keke ba a yi mai. Taho mu tahi."

Ya kai ni rumfar 'yan hatsi, ya sa na hau sikelin buhuna, jama'a na kallo. Nauyina ya kai buhun gero guda har da ɗoriya. Ban sauka ba sai da ya gama dubawa. Ya ce masu dakon hatsi daga Moriki suna ɗaukar fiye da haka, kekunansu ko gezau. Sai ya zaɓo keke mai ƙwarin ƙarfe, ya ɗaura masa irin tayarsu mai faɗi da kauraran wayoyi, ya sa faffaɗan sirdi. Kafin ya miƙo mini, ya ɗaure buhu a baya, ya hau, ya je ya bi ta cikin ramin nan da kansa.

"Tunda ya ɗauki wanga, kai ma shina ɗaukarka," in ji shi.

Tun daga ranar nake fita bayan sallar asuba. Da farko ko ƙarshen unguwa ba na kaiwa sai haki, amma ban fasa ba. Shekaru sun shuɗe, ƙafafuna biyu na nan, da su nake taka feda.

Abin da na koya shi ne, duk wanda zai ɗauki nauyinka, keke ne ko likita, kada ka ɓoye masa nauyin. Kunyar minti biyar a kan sikeli ce ta bar mini ƙafata.