Randa Ba Ta Sa Riga

A wani ƙauye gabas da Haɗeja, inda kogi kan malala da damina ya janye ya bar yumɓu, aka haifi 'Yar'azumi. Ginin tukwane ta gada a wurin kakarta. Tun tana budurwa take shiga fadama da kwando, ta haƙo yumɓu, ta tattake shi da ƙafa har ya yi laushi. Ta yi aure, ta haifi bakwai, ta binne uku, ta binne miji, amma hannunta bai taɓa bushewa ba.

Randa ce ta yi mata suna. Da bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, ruwan randarta kan kama haƙori. Jikin randar kullum a jiƙe yake, kamar goshin manomi. Masu ilimin kimiyya sun ce ruwa taron ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kullum cikin motsi, zafi kuma yana ƙara musu gaggawa. Waɗanda suka fi ɗaukar zafi su ne ke sulalewa ta ƙofofin yumɓu su bi iska, su bar 'yan'uwansu cikin sanyi. Ita dai cewa take yi, randa numfashi take, kamar ɗan Adam.

Da ƙafa ta yi nauyi, autanta Muttaka, mai shagon robobi a cikin gari, ya karɓi sayar da randunan. Sai masu saye suka fara ƙorafi wai randa tana yoyo, tana jiƙa musu siminti. Bai gaya wa kowa ba ya sayo fenti, ya shafe su ciki da waje, shuɗi shar, har da zanen furanni. Suka yi kyau, suka yi kasuwa. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Ginin 'Yar'azumi ne."

Wata Laraba sai ga Ya Zainaba, tsohuwar abokiyar cinikinta daga wajen Baturiya. Ko zama ba ta yi ba.

"Yaya, tsufa ne ya kama hannun? Randar da na sayo wa 'yata a shagon ɗanki, ruwanta kamar na wankan jego! Duk zanen furen nan ashe ado ne kawai."

"Wane fure?"

Ya Zainaba ta kwashe labari ta faɗa mata.

Da gari ya waye 'Yar'azumi ta yafa mayafi, ta ɗauki taɓarya, ta hau bayan babur. Mai babur ya ce, "Iya, daka za ki je yi a birni?" Ta ce, "Ja mu je, za ka ji."

Ta tarar da randunan jere a ƙofar shago suna ƙyalli a rana. Ta shafa ɗaya. Bushe ƙamas, ga zafi kamar kaskon tuya.

"Auta, wa ya sa wa 'ya'yana riga?"

"Inna, sannu da zuwa, shigo inuwa. Zamani ne. Mutane ba sa son abin da ke yoyo."

"Gumi ne, ba yoyo ba. Kai in aka toshe maka hanci aka zana maka fure a goshi, ka yi kyau ke nan?"

"Inna, ana kallonmu fa."

"Su kalla. Shekara hamsin sunana na shayar da mutane ruwan sanyi. Ba za a binne ni a ce randar 'Yar'azumi ta ɗumama ruwa ba."

Ta ɗaga taɓarya. Randar farko ta tarwatse da ƙara har tantabaru suka tashi daga kan rumfuna. Muttaka ya miƙa hannu, ya tuna hannun wa zai riƙe, ya mayar da shi aljihu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana haki, ba ta bar ko guda ba. Mai shayin da ke gefe ya ce, "Yau Muttaka ya ga ciniki, an kwashe kaya duka!"

Ta tsuguna tana tattara tsingaron a buhu.

"To me kuma za ki yi da shi, Inna?"

"In daka, in cuɗa da sabon yumɓu. Abin da ya taɓa shiga wuta ba ya tsoronta, shi zai hana sabuwar tsagewa. Fentin naka kuwa wuta ta cinye. Ɗauki buhun nan ka ɗora min a babur."

Ya sunkuya ya ɗauka.