Gwaggo Ya-Sha da Ɗan Maraƙinta

Gwaggo Hajjo ba ta taɓa ƙarasa sallama a gidan da aka haihu ba. Tun daga zaure za ka ji, "Salamu alai... ya sha?" Ba barka, ba ina kwana, ba yaya ƙarfin jiki. Ya sha? Shi ya sa kaf ƙauyenmu na bayan Roni ba mai kiranta Hajjo sai a gaban idonta, a bayan ido kuwa Gwaggo Ya-Sha. To jiya a wurin zaman makokin nan na ji wata tana sharar hawaye, wai Gwaggo baiwar Allah ce mai sanyin hali. Sanyin hali! Wallahi ba don idon jama'a ba da na tashi na bar mata tabarmar. Ku ji tsoron Allah, ku da kuka san ta. Wace ce a cikinku ba ta taɓa shan faɗanta ba? Ni da na yi wankan jego a hannunta, bari in gaya muku sanyin halin.

Kun san innarmu ta rasu tun ina ƙarama, don haka da na haihu a Kazaure gidan Gwaggo aka kawo ni, ita ce yayar babanmu. Yaron ɗan fari ne, sunansa kun san shi, ni ba zan faɗa ba. Ya zo ɗan mitsitsi, fatar hannunsa duk a tattare, ga barcin tsiya. A sa masa nono ya ɗan ja, ya saki, ya koma barci. Ba kuka, ba motsi. Kullum ƙara ramewa yake, ni kuwa yarinta, murna nake Allah ya ba ni mai haƙuri.

Ranar da uwar mijina, Hajiya, ta zo barka da tawagarta, ta leƙa shi ta ce, "Tubarkalla, yaro ba rigima. Kun ga murmushi yake, mala'iku ne ke masa wasa."

Gwaggo ta miƙe. Ta je randa ta tsoma hannu, ta dawo ta yaye zanen da aka lulluɓe shi, ta damƙi tafin ƙafarsa da hannun nan mai sanyi. Yaro ya callara ƙara.

Hajiya ta dafe ƙirji. "Haba Hajjo! Ana tashin jariri daga barci?"

"A gidan nan ana tashi. Mala'iku za su jira, su ba sa jin yunwa." Ta juyo kaina. "Ke Rabi, ba shi."

Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Ɗan fari, a gaban surukai, in ɗaga riga? Na sunkuyar da kai ina murza bakin zane.

"Au, kara za ki yi mana? Kara ba ta taɓa cika cikin kowa ba. Saniyata da ta haihu ba ta tsaya duba wa ke kallonta ba."

A gaban uwar mijina ta haɗa ni da saniya! Tun daga ranar kuma yaron ya koma Ɗan Maraƙi a bakinta. Har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Daga nan ta kafa dokarta. In ya tashi, a ba shi ya sha har ya ƙoshi, in ya fara lumshe ido a kan nono a sosa masa bayan kunne. In ya gama sai ta kwantar da shi a cinyarta idonsa biyu, tana ba shi labarin duk wanda ya ɓata mata rai a garin nan, da Fillanci don kada a ji. Da ya yi hamma ko ya kau da kai, shi ke nan, a kwantar da shi. In barcin ya zarce, hannu ya koma randa. Ita ba ruwanta da agogo, inuwar rumbu take kallo.

To ranar suna, ga dangin mijina mota guda daga Babura, kowa so yake ya ɗauki jariri, shi kuma daidai lokacin ya fara hamma. Sai Gwaggo ta tura ni da shi ɗakin da take ajiye ƙoren nono, ta ja mana ƙyaure. Ta ɓular ƙyauren na ga ta fita ta ƙofar baya, ta dawo da wani jariri naɗe a sabon tawul, ta miƙa wa baƙi. Ina jin su.

"Kai, ashe ƙato ne! Wa ya ce mana ƙarami ne?"

"Dubi hancin, sak na gidanmu."

"Goshin ma na kakansa ne, Allah ya jiƙan rai."

Haka aka yi ta juya shi hannu zuwa hannu, har Hajiya ta gama da masu rabon tuwo ta shigo ta karɓa. Ta gyara masa hula, sai ga ɗan kunne. 'Yar maƙwabciyarmu Tabawa ce, har ta fara riƙe wuya!

"Hajjo, wannan wane irin wulaƙanci ne? Ina jikana?"

"Yana barci. Wannan a ƙoshe take, ku juya ta har magariba."

"Mutane su taso tun daga Babura ki yaudare su?"

"Ni na ce muku shi ne? Miƙawa kawai na yi. Ku kuka ga hancin gidanku."

Kuna dariya ko? Jama'a, aurena ne fa a tsakiya! Hajiya ta daɗe ba ta amsa gaisuwata sai da kai. Gwaggo kuwa ko a jikinta, an tsikari kakkausa.

Kada kuma ku ɗauka mai tashin yaro ba ta ganin girman barcinsa. In lokacin barcin ya yi, gidan nan tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke. Ba daka, ba rediyo, zakara ma kwando take kifa masa. Wata Juma'a maigidana ya taho daga Kazaure a kan babur, ya sha rana ya gaji, ta tare shi tun daga bakin rijiya.

"Kashe shi."

Ya kashe.

"Turo."

Magidanci guda, ma'aikacin gwamnati, ya turo babur har ƙofar gida yara na binsa. Ya shigo ya durƙusa yana gaishe ta ke nan, wayarsa ta ɗau ƙara. Ta fizge ta cusa cikin buhun gero.

"Gwaggo, daga wurin aiki ne fa."

"Gero zai amsa musu."

"To a taimaka a ɗan tashe shi in ga idonsa, ba kwana zan yi ba."

"Ba yanzu ba."

"Gwaggo, ai na ji an ce ke ce mai tashinsa."

"Ni don ya sha nake tashinsa. Kai me za ka ba shi?"

Bawan Allah ya zauna a zaure har la'asar. Da yaron ya tashi kuma ta ce sai ya sha tukuna. Ɗan kallon da ya samu bai kai na cin goro ba, ya tono wayarsa ya tafi ko sallama bai yi min ba.

Ranar ce tura ta kai bango. Ga ruwan zafi safe da yamma, ga kunun kanwa har ya fita raina, ga rashin barci, ga miji ya yi fushi. Na ɗaure kayana na tsaya a kanta tana wanke ƙwarya.

"Gwaggo, Kazaure zan koma. Kin zubar min da mutunci a gaban surukaina, kin mai da mijina abin dariya, ni kin mai da ni saniyar tatsa. Wai ɗana ne ko ɗanki? A ina ma kika san goyon?"

Kun san mu yara duk mun taso a kan Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Na haihu," in ji ta. "Namiji, a rugar surukaina can wajen Gwiwa. Shi ma mai haƙuri ne, kowa yabonsa yake. Ina zaune nono na zuba, ina kallonsa yana barci, kunya ta hana ni in ɗauke shi a gaban mutane. Ba wanda ya tashe shi. Ko suna ba a yi ba."

Ta kife ƙwaryar.

"In za ki tafi ki tafi. Amma ba shi ya sha kafin ki hau hanya."

Na kwance kayan. Kuma kada ku ɗauka fushin ya wuce, wuri ya sake kawai. Har yau haushin mutanen rugar nan nake ji, mutanen da ban taɓa gani ba. Ina jin haushin ku ma manyanmu da kuka sani kuka yi gum, kuka bar mu muna yi mata dariya a bayan ido. Yaron kuwa kafin in yi arba'in ya fara tashi da kansa, da kukan da har gidan Tabawa ana ji. Kumatu suka fito, fatar hannun ta cika. Gwaggo ko yabo, sai cewa ta yi ya cika ci kamar dangin ubansa.

Kwanakin baya da aka aiko jikinta ya yi tsanani, na kai mata shi, ya fara rarrafe. Tana kwance, ta zama sai ido. Ta ce a ɗora mata shi. Na ɗora shi a gefen ƙirjinta, ta sa hannu biyu za ta ɗaga shi, hannun ya ƙi. Ta sake gwadawa, ya ƙi.

"Ɗauke wannan ƙaton," in ji ta, "zai karya ni."

Harara take yi min, amma idon ya cika taf. Na durƙusa a bakin gadon.

"Gwaggo, ni dai ban san da wane baki..."

"Rufe min shi. Ba don ke na yi ba."

Ba ta bari na gode mata ba. Ta tafi ta bar ni da godiyar a maƙogwaro, kuma wallahi cikin duk abin da ta yi min wannan ya fi ci min rai.

Allah ka jiƙan Gwaggo Hajjo, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka makwancinta. Ka sada ta da nata yaron a Aljanna, ta ɗauke shi a gaban kowa. Amin.