Shatin Hannuna a Zanen Inna

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi abin da ba zai taɓa fita daga raina ba, shekarar babbar murar nan zan ambata, wadda ta ratsa Kano 'yan shekaru kafin 'yancin kai. Mahaifiyata ko atishawa ba ta yi ba a wannan annoba, amma saura ƙiris annobar ta tafi da ita.

Lokacin ina rini a Ƙofar Mata, ina da mata da ɗa guda. Inna kuwa ta daɗe tana fama da asma. Akwai 'yan ƙwayoyi da ake karɓo mata a asibiti, in abin ya tsananta a yi mata allura. Ƙanena ne mai wannan zirga-zirga, don ni ne ɗan fari. Yaran yanzu ba za su gane ba. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta haɗa ido da ni, balle ta buɗe baki ta nemi wani abu a wurina. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka muka taso muka tarar.

Da murar ta shigo sai ta kwantar da matata, da ɗana, da ƙanen nawa. Masu dubiya su shigo su zarce wurin masu mura. Ɗakin Inna kuwa sai dai a ɗaga murya daga tsakar gida, ai ita ta saba da nata. Ni ma kullum da safe nakan durƙusa a bakin ƙofa, asabari a tsakaninmu.

"Inna, ina kwana? Ya jiki?"

"Da sauƙi. A je a duba marasa lafiya."

Ashe maganinta ya ƙare tuni. Mai karɓowa yana kwance, ita kuma ta gwammace ta shanye wahalarta da ta aiki ɗan fari.

Muna da maƙwabciya, wata dattijuwa Babarbariya mai sayar da turaren wuta, katanga ce kawai tsakanin ɗakinta da na Inna. Ba ta iya ɓoye magana ba, har shakkarta muke yi. Mijinta ya rasu a farkon annobar, tana cikin takaba, ko zaure ba ta leƙawa.

Wata rana da hantsi ina marina, hannuwana cikin shuni har gwiwar hannu, sai na ga abokan aiki sun yi tsit. Ina ɗagowa sai ga ta tsaye a kaina. Mai takaba a marina, tsakiyar maza!

Ta ce, "Kai ɗan nan, yaushe rabonka da ganin fuskar uwarka?"

Na sunkuyar da kai na ce ai kullum ina gaishe ta.

"Gaisuwa ce magani? Ta katanga nake jin numfashinta kamar ana jan zarto. Malam ɗina murar nan ba ta taɓa shi ba, ciwon sukarinsa ne na da can. Ya ce asibiti ya cika, a bar wa masu sabon ciwo. Da sauƙi, da sauƙi, har aka fita da shi a makara. Wallahi ba zan zauna in saurari na biyu ba."

Ko hannu ban wanke ba na ruga gida, dattijuwar na biye da ni. Na ɗaga asabarin nan na shiga ɗakin da rabona da shi tun ina yaro. Inna na zaune dafe da gado, leɓɓanta sun yi duhu, kwalbar magani a gefe ba ko ƙwaya. A haka ma sai ta kama laluben mayafi za ta rufe fuska.

Dattijuwar ta ƙwace mayafin ta ce, "Ajiye kunyar nan, in kin warke kya ɗauka. Kai kuma juyo ka goya ta."

Na goya uwata. Sai a lokacin na san yadda ta rame, na yi ta tafiya hawaye na zuba ba hannun sharewa. A asibiti mutane maƙil har waje. Dattijuwar ta shige gaba tana ture jama'a tana faɗa, har ta kai mu gaban malamin asibiti. Ya dubi Inna sau ɗaya ya ɗauko allura. Da numfashinta ya fara daidaita ya ce mini, "Masu tsohon ciwo duk sun daina zuwa. Sai dai mu ji labarin ta'aziyyarsu."

Inna ta ƙara shekaru masu yawa, har ta ga auren ɗan nan nawa. Kunyarta kuwa ta koma ta ɗauka, kamar yadda aka ce mata. Sai bayan rasuwarta, da ake raba kayanta, matata ta ciro wani zane daga ƙasan adaka, a ninke, an turara shi. Shatin hannuwana biyu na shuni yana nan a jiki, ba ta taɓa wanke shi ba. Ranar na yi kukan da ya fi na ranar jana'iza.

Har gobe ba na addu'a ga Inna ban haɗa da dattijuwar nan ba, Allah ya saka mata da Aljanna. Ita ta koya mini cewa in annoba ta shigo gari, a tuna da masu tsohon ciwo, don su ne ke tafiya shiru. Kuma tun daga ranar, in na je dubiya aka ce mini da sauƙi, sai na shiga ciki na ga kwalbar maganin da idona.