Gayyar Yaɓe a Gonar Malam

Ni magini ne. Ginin ƙasa na gada wajen mahaifina, karatuna kuwa bai wuce na allo da ɗan firamare ba. Ƙauyenmu yana tsakanin Funtua da Maska. Mutumin da nake son tunawa ladanin masallacinmu ne, Malam kawai muke ce masa. Ya rasu bara waccan, Allah ya jiƙansa.

Ba mai dukiya ba ne. Gonar masara gare shi ta gado a bayan gari, sai tsohon keke. Abin ya faro ne da mutuwar wani direban babbar mota, aka yi ta raɗe-raɗin ƙanjamau ce ta kashe shi. Matarsa tana cikin takaba danginsa suka fitar mata da kaya. Ta nufi gidansu, yayanta ya ce shi ma yana da ƙananan yara. Malam yana dawowa daga gona ya tarar da ita a gindin ɗorawa, zaune kan ƙullin kayanta.

Washegari bayan sallar asuba ya miƙe a masallaci ya ce ya yanki gefen gonarsa, zai yi mata ɗaki, yana kiran gayya. Wani dattijo ya ce, "Malam, ka san yadda aka yi ta samu ciwon nan kuwa?"

Malam ya ce, "Ba za a tambaye ni wannan ba ranar gobe. Inda ta kwana za a tambaye ni, kuma kai ma za a tambaye ka."

Kunya ta sa muka fita. Muka kwaɓa ƙasa, muka yi tubali, na ɗora azara. Kafin 'yan shekaru ɗaki ya zama ɗakuna, don labari ya kai Dandume da Tsiga, masu irin ciwon da aka kora daga gidajen haya suka riƙa zuwa. Ranar karɓar magani Malam yakan raka su asibiti a Funtua, ya zauna a benci ɗaya da su, duk wanda ya wuce ya gan shi. Har wasu suka fara cewa ko shi ma yana da cutar. Bai taɓa musawa ba.

Ginin ƙasa yana da haƙƙinsa. Kowace bazara sai an bi shi da yaɓe, an daɓe rufi, an gyara indararo, in ba haka ba damina ta cinye shi. Kowace shekara ke nan sai an sake gayya. Mai gayya ba ya biyan kowa, amma shi ke ciyarwa, wannan kowa ya sani. A nan muka saɓa da Malam. Ya ce mazauna ɗakunan su ne masu gayya, don haka su za su girka. Shi zai kawo masara da kuka, matar direba ta tuƙa tuwo.

Na same shi a keɓe na ce, "Malam, a bar Hajiya ta dafa a gidanka a kawo mana. Wallahi mutane sun fi zuwa."

Ya ce, "Ɗakin wa ake yaɓewa?"

Na ce, "Nasu."

Ya ce, "To ina ka taɓa ganin maƙwabci ya yi wa mutum girki a gidansa? Sai gidan makoki. Waɗannan kuwa ba su mutu ba."

Shekarar da aka fara haka, ana sauke tukunya mutane suka tuna suna da uzuri. Wannan ya ce akuyarsa ta ɓalle, wancan ya ce an aiko daga gida. Ni ba ni da damar gudu tunda ni ke kan rufi, sai na ce azumi nake.

Malam ya ɗago kai ya ce, "Sarkin magina, yau fa Talata. Wane azumi ne wannan?"

Na ce, "Ramuwa ce, Malam."

Ya ce, "Bara ma ramuwa kake ranar da muka je duba matar direban nan. Kai duk watan ka sha ne?"

Matar direba tana riƙe da mara a hannu ta ce, "Ku ƙyale shi, Malam. Lada biyu yake nema a yini ɗaya." Ta faɗa tana murmushi, amma ba ta dube ni ba.

Ba jahilci ba ne ya hana ni. Na sha ji a rediyo cewa ba a ɗauka ta cin abinci, kuma na yarda. Ina ganin Malam yana sa hannu a akushi ɗaya da su shekara da shekaru, ko mura bai yi ba. Akwai wani tsohon Bamaguje daga wajen Malumfashi, abokin Malam tun suna kai auduga kasuwa, shi kam har ƙari yake nema, yana cewa miyar ta fi ta matarsa. Duk ina gani. Hannuna ne kawai ya ƙi, kuma ban tilasta masa ba.

Kowace bazara masu zuwa suna raguwa. Daga baya sai ni da Malam da Bamagujen nan da mazauna ɗakunan da ke da ƙarfin ɗaukar ƙasa. Yaɓen ya riƙa yin sirara. Har yau ina tunanin da Malam ya bari an dafa a gidansa, wataƙila da ɗakunan suna tsaye. Wani lokaci kuma in ga shi ne da gaskiya. Ban san wanne ba ne.

Hawan jini ya kayar da shi a gona, bai daɗe yana jinya ba. Jana'izarsa ta cika maƙil, har da waɗanda akuyoyinsu ke ɓallewa. Bayan rasuwarsa mazauna ɗakunan suka watse, wasu mutuwa, wasu birni. Bamagujen ma ƙafa ta hana shi fita. Matar direba kaɗai ta rage, don ba ta da inda ya fi nan.

Da bazara ta zo, ita da kanta ta kira gayya. Ta bi gida-gida tana sallama daga zaure, ta sa rana. Ni a lokacin ina aikin bulo a Funtua. Na ce mata zan zo da hantsi, sai bayan la'asar na iso. Ba kowa. Na tarar da ita ta shimfiɗa tabarma a rana tana gutsuttsura malmalar tuwo tana shanyawa don kada ya lalace. Tuwon mutane da yawa ne.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Baba magini. Ga ƙasa can na jiƙa."

Na hau na lilliƙe inda ya fi tsagewa. Na ga azara biyu gara ta cinye su. Na ce mata zan dawo da mutane. Ban nemi kowa ba, don na san amsar da zan samu, ni ma kuma ban koma ba.

Cikin marka rufin ya rufta ta gefen gado. Allah ya sa tana bakin ƙofa tana tarar ruwa. 'Ya'yan Malam ba su kore ta ba, sun dai ce ba su da halin sabon gini, kuma suna so su haɗe wurin da gona.

Ta aiko aka kira ni. Ta ce in cire mata ƙyauren, don shi kaɗai ta saya da guminta, daga sana'ar ƙuli-ƙuli. Na cire, na ɗaure shi a bayan babur ɗin ɗan acaɓa tare da tukunyarta da ledar magungunanta. Ina ɗaurewa ina tuna ɗakin mahaifiyata da ke rufe a gidana tun rasuwarta, ba komai ciki sai buhunan taki. Maganar ta zo mini har baki. Sai na tuna matata, na tuna masu ba ni aiki, na ƙara tamke igiya.

Ta ce, "Allah ya saka da alheri, Baba magini. Ka yi mana ƙoƙari."

Babur ya ɗauki hanyar Dandume, ƙyauren yana rangaji a bayanta. Ban tambaye ta inda za ta ba, don ina tsoron ta ce mini ba ta sani ba.