Zangarniya Ɗaya Cikin Huɗu

Damina hamsin ke nan tun da muka kai Baba makwancinsa a Gangara, amma sai bana na san abin da ya kamata in faɗa a kansa.

Baba mutum ne mai zargi, Allah ya jiƙansa. Ko ruwa ka miƙa masa sai ya leƙa ƙwaryar. A shekarun da Faransawa ke kwasar samari aikin tilas, ya samo irin gero mai gashi daga Tarka, wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kansa. Da kaka ya tsince zangarniya masu gashi zalla, ya ɗaure, ya kai ajiya rumbun ƙaninsa, Baffa Idi, saboda gara ta riga ta cinye namu rumbun.

Da damina ta zagayo aka shuka irin, geron ya fid da kai, sai ga masu sanƙo a ciki. Baba ya bi gonar gindi-gindi yana ƙirgawa. Kusan cikin kowace huɗu, ɗaya ba gashi.

"Idi, hannu ya shiga irin nan."

"Wallahi, Yaya, ko damin ban kwance ba."

"Gero ba ya ƙarya."

Daga ranar ba su sake haɗa hannu a akushi ba. Ni ma, da gemuna da iyalina, na bi bayan Baba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bayan damina biyu Baba ya rasu. Baffa ya zo gaisuwa, ban ko shimfiɗa masa tabarma ba.

Bara na ba jikata, mai karatun aikin gona, labarin nan. Ta ce, "Kaka, kowane tsiro gado biyu gare shi, na uwa da na uba. Gashi yana rufe sanƙo. In ɗaya cikin huɗu ya fito ba gashi, to iyayen duka biyu suna ɓoye da sanƙon tun asali."

Ban yarda ba. Na sa ta kawo iri irin wannan, na kulle shi a ɗakina, na shuka da hannuna, na ƙirga. Haka ya fito.

Da Baba na raye, na san zai fara tambayar wanda ya aiko yarinyar. Amma shi ya koya mini ƙirga, kuma ƙirgar ce ta wanke ƙaninsa. Gonar Baba ta zama ta wasu, irinsa ya ƙare, zargin kaɗai na gada sumul. Baffa ya yi shekara goma sha biyu yana gaishe ni a kasuwa ina kau da kai. Yanzu na san gaskiya, wanda zan roƙa gafara kuma yana ƙarƙashin ƙasa.